Zaren Tsamiya: Itace Ne Ko Ƙwaro, Kuma Me Ya Haɗa Shi Da Buhun Gawayi?

Idan maɗinki ya ɗaga maka babbar riga ya ce "wannan aikin tsamiya ne", me yake nufi? Tambayar ba ta tsufa a shagunan masu manyan riguna na Abuja, musamman in Sallah ta matso ko kakar bukukuwa ta kama. Kwanakin baya na tarar da musun a kasuwar Wuse. Wani matashi ya zo neman rigar angonci, ya tsaya kai da fata cewa daga jikin itacen tsamiya ake ɓare zaren, kamar yadda ake yi wa rama. Abokinsa ya ce ba haka ba ne, auduga ce kawai ake rinawa da ruwan tsamiya. Dattijon da ke zaune bakin shagon da allura a hannu ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce, "Samari, ba ɓawo ba ne, ba kuma rini ba ne. Tsutsa ce ke saƙa shi a dawa."

"Haba Baba, tsutsa kuma?"

"Tsutsa, ɗana. Irin gizakar nan da kuke gudu."

Dattijon ne da gaskiya. Zaren tsamiya siliki ne, silikin ƙasarmu, wanda kakanninmu suka yi ado da shi tun ba a san zaren kanti ba. Abin da ya sa na ga ya dace a warware zancen yanzu shi ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tsada ta kori gidaje da yawa daga gas zuwa gawayi, ana ta maganar sare daji a rediyo da majalisu, amma ba na jin ana lissafa wannan ƙwaro cikin abin da ke tafiya tare da itatuwan.

Wane ƙwaro ne wannan?

Bahaushe ya raba waɗannan halittu masu fukafukai. Akwai malam-buɗe-littafi mai yawon rana a kan furanni. Akwai faɗa-wuta, ɗan'uwansa na dare, wanda ke kewaya fitila har ya ƙone. Mai yin tsamiya faɗa-wuta ne, fari-fari mai ratsin ƙasa-ƙasa a fukafukai, ba shi da wani kyan da zai sa ka sake kallonsa in ya faɗo kusa da ƙwan lantarki. Amma ba shi ke yin zaren ba, 'ya'yansa ne, lokacin da suke tsutsa mai gashi.

Ba iri ɗaya ba ne. Masana ƙwari sun zuba su cikin zuriya biyu makusanta, Anaphe da Epanaphe. Mutanenmu kuwa da itacen da tsutsar ke ci suka rarrabe su. Wadda ke cin ganyen tsamiya ita ce tsamiyar tsamiya, masana suna kiranta Epanaphe vuilleti. Wadda ke cin ganyen doka ita ce tsamiyar doka, wato Epanaphe moloneyi. Daga nan ruɗanin ya samo asali: sunan itace ɗaya ya rufe dukan silikin, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu a bakin mutane. Ita tsamiyar doka a 1887 aka raɗa mata sunanta na kimiyya, aka jingina shi ga Alfred Moloney, Gwamnan Legas na wancan lokaci. Itacen da take ci kuwa da sunansa na Hausa ya shiga littattafan duniya, Isoberlinia doka, kuma ina jin daɗin hakan duk sanda na gani a rubuce.

Kada a haɗa ta da wasu tsutsotsi biyu da aka fi sani. Tsutsar kaɗanya, wadda Nupawa ke kira manimani ana soya ta a sayar a kasuwannin Neja da Kwara, ita ma 'yar faɗa-wuta ce, amma in ta ƙoshi ƙasa take shiga, ba ta barin zaren da za a kaɗa. Tsutsar da ke cinye zuciyar masara kuma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a farkon 2016 aka fara ganinta a Nijeriya. Tsutsar tsamiya ba ruwanta da masara ko dawa ko gero. Ganyen itacenta take ci, in babu shi ta mutu.

Yadda take cika shekararta

Rayuwar ƙwaron ɗaure take da damina. In ruwa ya sauka itatuwa suka yi lif da ganye, sai manyan su fito daga inda suka yi rani. Kwanakinsu a duniya ba su da yawa, aikinsu barbara da ƙwai. Macen takan jera ƙwanta a dunƙule a bayan ganye, ta tsige gashin da ke ƙarshen cikinta ta lulluɓe su da shi. Gashin nan yana da ƙaiƙayi, shi ne garkuwar ƙwan.

Da sun ƙyanƙyashe ba sa watsewa. Nan ne halinsu ya bambanta da yawancin tsutsotsi, kuma nan ne asirin zaren yake. Tare suke ci, tare suke hutawa, tare suke tafiya. Da rana za ka same su manne a jikin kututture, sun yi cincirindo kamar an shimfiɗa bargo mai gashi. Da dare su hau rassa su ci. In za su sauya wuri sai su jeru, kan wannan a bayan wancan, kamar ayarin fatake, kowace tana barin siririn zare a kan hanya. Duk yaron da ya taɓa jingina da itace ya tashi da borin jini a wuya ya san su, ko bai san sunansu ba. Haka za su yi wata biyu zuwa uku, suna ci suna saɓa, suna sake fata sau da yawa, har su kai girman da suke so.

Wajen ƙarshen damina sai su daina ci. Su taru a reshe ko a jikin kututture su fara aikin gayya. A irin Anaphe, da farko dukansu ke haɗuwa su saƙa babbar jaka mai rufi bisa rufi, wata kamar gwanda, wata ta fi haka, na wajen ya yi tauri kamar takarda mai kauri. Bayan sun rufe kansu a ciki sai kowace ta saƙa nata ɗan ɗakin. Jaka guda takan ɗauki ɗaruruwa. Gidan tsamiyar doka ya fi shimfiɗuwa a jikin itace, zarensa kuma ya fi haske, abin da ya sa masu aikin wuyan riga suka fi sonsa.

A cikin wannan gida suke yin dukan rani. Hunturu ya wuce a kansu, bazara ta gasa su, suna kwance ba ci ba sha, jikinsu yana rikiɗa. Ruwa na dawowa sai su huda su fito da fukafukai, su bar gidan rataye babu kowa. A riƙe wannan batu na gidan da aka bari, domin a kansa duk maganar gyara ta tsaya.

Ina ake samunta?

Taswirar ƙwaron ita ce taswirar itacensa. Dajin doka wata doguwar ɗamara ce da ta ratsa Afirka ta Yamma daga wajen Gini da Mali, ta bi ta arewacin Gana, Togo da Benin, ta shigo Nijeriya, ta wuce Kamaru har Sudan ta Kudu. A nan gida ita ce dajin da matafiyi ke ratsawa daga Abuja zuwa Kaduna, inda har gari guda a bakin titin sunansa Doka. Ita ce ta mamaye Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, ta bazu a sassan Neja, Nasarawa, kudancin Bauchi da gefen tsaunukan Filato. A saman tudun Jos kuwa noma da haƙar kuza da neman itacen girki sun daɗe da share mafi yawan dajin, sai an gangara ake sake haɗuwa da shi. Abuja kanta, da aka ayyana a 1976 aka tare a cikinta a watan Disambar 1991, a cikin irin wannan ƙasa ta dawa mai tsilla-tsillar kurmi aka kafa ta.

In aka ƙara yin arewa inda ruwa ya ragu doka ta ƙare, itacen tsamiya ne ke karɓa, tare da tasa tsutsar. Shi ya sa sana'ar ba ta tsaya kan Hausawa ba. 'Yan ƙabilar Dogon na ƙasar Mali suna saƙa zannuwan alfarma da wannan siliki, haka 'yan ƙabilar Marka na Burkina Faso, waɗanda ke kiransa tuntun.

A kudu labarin ya sauya itace. Cikin kurmin ƙasar Yarbawa akwai Anaphe venata, wadda ke rayuwa kan dogon itacen katako da suke kira arere. Akwai kuma Anaphe panda mai cin ganyen wani ɗan'uwan kirni, wadda ta bazu har gabashi da kudancin Afirka. A dajin Kakamega na ƙasar Kenya masu binciken ƙwari sun yi shekaru suna nazarin yadda manoma za su riƙa kiwonta a jikin itatuwa. Yarbawa suna kiran silikin sanyan, ɗaya daga cikin manyan saƙarsu uku na gargajiya, kuma fataken Hausa sun daɗe suna kai musu kayan daga arewa.

Daga reshe zuwa wuyan riga

Silikin da duniya ta sani, na ƙasar Sin, tsutsar gida ce ke yin sa. Kowace tana naɗe kanta da zare ɗaya tilo mai tsawon ɗaruruwan mitoci. Don a warware shi bai tsinke ba, dole a kashe tsutsar da zafi tun tana ciki, domin in ta huda ta fito ta lalata zaren.

Tsamiya ba ta warwaruwa haka. Zaren ɗaruruwan tsutsotsi ne ya sarƙe da juna, ga wani danƙo da ya manne shi. Don haka hanyar auduga ake bi da ita. A dafa gidan cikin ruwan toka na tsawon sa'o'i har danƙon ya narke, a wanke, a tsince ɓawon tsutsa da gashin nan mai ƙaiƙayi, a shanya. In ya bushe a shiɓe shi ya yi laushi, sannan mata su zauna da mazari da alli su kaɗa. Aiki ne mai cin rai, mai sa hannu ƙaiƙayi, kuma abin da ke fita daga tulin gidaje bai taka kara ya karya ba. Wannan ne ya sa tun asali tsamiya kayan sarakuna da malamai da attajirai ce.

Zaren ba ya walƙiya irin ta silikin kanti. Haskensa a kwance yake, launinsa daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa, yana da ƙarfi ƙwarai, ba ya kuma karɓar rini da sauƙi, shi ya sa aka fi barinsa da launin da Allah ya yi shi. Da shi ake zuba aska biyu da aska takwas da tambari a kan rigar saƙi, farin aiki bisa baƙin shuni. Masu ɗinkin hannu na birnin Zariya da Kano da Bida da Ilori sun yi suna a kansa. Abokin tafiyarsa a da shi ne alharini, jan silikin da ayari ke ɗaukowa daga Tarabulus ta hamada zuwa Kano. Alharini baƙo ne, tsamiya 'yar gida.

To ga inda bambancin nan ya zama alheri. Tunda kaɗa tsamiya ake yi ba warwarewa ba, hudar da ƙwaron ya yi ya fita ba ta hana aiki. Gidan da aka bari fanko yana ba da zare. Ke nan ana iya cin amfanin wannan halitta shekara da shekaru ba a kashe ko ɗaya ba, ba a sare reshe ba. Kaɗan ne cikin dukiyar daji ke da wannan hali.

Ana cin tsutsar?

Ana ci a wasu wurare, kuma akwai hatsari a ciki. A 1958 likitoci suka bayyana wata cuta da ke ɓulla da damina a Ijesha, cikin ƙasar Yarbawa: mutum ya ci abinci lafiya, bayan 'yan sa'o'i jiki ya kama rawa, tafiya ta gagara, harshe ya karye. An yi shekaru ba a san dalili ba, sai a 1993 Dakta Bola Adamolekun na jami'ar Ile-Ife ya danganta ta da cin tsutsar Anaphe venata, wadda ke cika kasuwa daidai watannin da cutar ke tashi. A 2000 masu bincike a Japan suka tabbatar da cewa tsutsar na ɗauke da wani sinadari mai rusa bitamin B1, wanda zafin girki ba ya kashe shi da sauƙi. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu ƙaramin ƙarfi da abincinsu bai wuce rogo da doya ba, domin dama bitamin ɗin ya yi ƙaranci a jikinsu. Wannan magana ta dangin Anaphe ce, ba ta manimani ba.

Me ya sa zaren ya yi wuyar samu?

A nan ne baki ya rabu, kuma kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

'Yan kasuwa suna cewa ba ƙwaron ne ya ɓace ba, masu nemansa ne suka ɓace. Zaren kanti mai sheƙi ya shigo da araha, keken aiki yana gama wuyan riga a yini guda inda mai allura zai yi makonni, 'yan mata sun daina koyon kaɗi. Ko a ƙasar Yarbawa yawancin abin da ake kira sanyan yau auduga ce da aka rina ta yi kalar. Wannan hujja tana da ƙarfi, ban kuma ga yadda za a musa ta ba. In babu mai saye, ba wanda zai shiga daji ya sha ƙaiƙayi.

Masu kula da gandun daji kuma suna nuna buhunan gawayin da ke jere a bakin titin Kaduna, da na Keffi, da na Lokoja. Masu ƙona gawayi sun fi son ƙirya da marke da kaɗanya saboda nauyinsu, amma in waɗannan suka ƙare a wuri, gatari kan doka yake komawa, ga masu injin yanka katako, ga masu share sabuwar gona, ga unguwannin da ke tsirowa kullum a gefen birni. Su masu gawayin amsarsu a shirye take: doka ba ta mutuwa, ko ka sare ta sai ta sake toho daga saiwa. Gaskiya ne, doka tana da wannan naci, kuma duk wanda ya ga jan sabon ganyenta yana ƙyalli a tsakiyar rani ya san itace ne mai taurin rai. Amma toho mai kai wa ƙugu ba itace ba ne a wurin wannan tsutsa. Ɗaruruwan baki masu ci wata uku suna buƙatar ganye mai yawa, da wani itacen kusa da za su koma in wannan ya ƙare, da reshe mai tsawo da za su rataya gidansu. Kuma an fi sara da rani, daidai lokacin da zuriyar baɗi gaba ɗaya ke kwance cikin jaka a jikin itacen. Itace guda ya faɗi, ɗaruruwa sun tafi.

Ni a ganina abin da aka fi rainawa shi ne wuta. Ƙunar daji ta ƙarshen rani, wadda mafarauta ke sakawa don gafiya ko makiyaya don sabuwar ciyawa, tana tashi sama sosai saboda ciyawa ta bushe ƙayau. Babbar doka takan tsira. Jakar siliki da ke manne a jikinta ba ta da wannan fata. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe da sanin cewa ƙunar farkon rani, tun ciyawa da sauran danshi, ba ta yin wannan ɓarna.

Sai rashin tsaro. Dazuzzukan doka mafi girma da suka rage, irin na Birnin Gwari, su ne waɗanda talaka ba ya iya shiga yau. Ko ƙwaron yana nan, hanyar da ke kawo gidansa kasuwa ta yanke.

Ba na ɗora laifi kan matar da ta koma gawayi don gas ya fi ƙarfinta, ko saurayin ƙauyen da ba shi da wata sana'ar rani. Yunwa ba ta jiran nasiha. Abin da ke damuna shi ne lissafin da ake yi wa itacen bai cika ba. Ana kallon doka a ga buhu nawa za ta bayar sau ɗaya, ba a sa abin da za ta iya bayarwa kowace shekara tana tsaye.

Abin da ya shafi mai saye da mai gona

Mai sayen riga ya sani cewa kalmar tsamiya a kasuwa yau ta fi nufin launi fiye da asali. Ba lallai yaudara ba ce, haka bakin kasuwa ya saba. Matashin nan na Wuse da ya tambayi dattijon ko rigar da ke hannunsa ta ainihi ce, amsar da ya samu ita ce, "A'a ɗana, wannan ruwan tsamiya ce. Ta ainihin sai an sa a nemo zaren, kuma sai ka yi haƙuri." Wanda ke son ya tabbatar ya roƙi ɗan guntun zare ya sa masa ashana. Siliki yana warin ƙonannen gashi, ya bar ɗan dunƙulen da ke murƙushewa a yatsa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake yi ya daskare. Zaren tsamiya na gaske kaɗin hannu ne, don haka kaurinsa ba ya zuwa daidai, za ka ji 'yan ƙulle-ƙulle in ka ja shi tsakanin yatsu.

Mai gona a Kwali ko Abaji ko Bwari da ya ga gizaka ta lulluɓe dokar da ke bakin gonarsa, ba sai ya ɗauko maganin feshi ko ya cinna mata wuta ba. Ba za ta sauka kan hatsinsa ba, itacen kuma zai mayar da ganyensa. A hana yara taɓa ta, a share ciyawar gindin itacen kafin lokacin ƙuna. In ta saƙa gidanta a bar shi ya yi rani a wurin. Bayan ruwan farko ya sauka a je a duba: in an ga ƙananan huda a jikinsa kuma ya yi sakayau a hannu, masu shi sun fita. A sa tsumma ko leda a hannu kafin a ciro shi, a jiƙa shi da ruwa tun kafin a buɗe, domin gashin da ke ciki yana nan da ƙaiƙayinsa ko bayan wata shida.